Ramewar Auta

Maganar ta iso wa Malama ta bakin babbar 'yarta, a waya, tana tsaka da mulke gwiwarta da man zafi. Wai akwai wani shayi da wata mai kayan kwalliya take sayarwa a layin shaguna. Wai narkar da kitse yake yi kamar an ɗora mai a wuta, kitsen ya bi fitsari ya fice. Wai mata har rububinsa suke yi. In kuma shaida ake nema, ba sai an je da nisa ba, ga Auta nan.

"Wace Autar?" in ji Malama.

"Auta nawa kika haifa, Mama? Taki mana. Jiya na gan ta a hanya, wallahi sai da na wuce ta na dawo. Har wuya ya fito mata."

"Da can a kan me kanta yake zaune?"

"Ke dai Mama ba a gaya miki abu ki ce to. Ki saya ki sha, ko gwiwar nan taki ta samu ta huta."

Malama ta kashe wayar ta ajiye a hannun kujera. Shekara da shekaru ta yi tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya, kuma a duk kalmomin da ta gaji da ji a duniya babu kamar "wai". Ta ga zamanin ɗamarar roba da ake ɗaure ciki da ita har numfashi ya riƙa sarƙewa. Ta ga na lemon tsami a ruwan zafi da sassafe, da na sabulun goge tumbi, da na wani silifa mai ƙuraje a tafinsa da aka ce tafiya da shi tana ƙona teɓa. Kowanne ya zo da hayaniyarsa ya wuce, ya bar mata da jikinsu yadda ya same su. Ba ta da sauran ƙarfin yin musu a kan wani sabo.

Sai dai wannan karon an saka 'yarta a ciki. Kuma gaskiya ne, Auta ta rame. Malama ta gani tun kafin a gaya mata, ta yi shiru ne kawai don ba ta san abin da za ta ce ba.

Auta tun tana goye mai jiki ce. Yayyenta suka laƙaba mata Katifa, sunan ya bi ta makaranta, ya raka ta gidan miji. Da ta yi haihuwa ta biyu jikin ya ƙara buɗewa. Ba abin da ba ta gwada ba. Ta bar cin dare, ta yi tafiyar safe har ƙafa ta kumbura, ta yi kwanaki tana shan ruwan kokwamba tana ganin jiri. Asibiti kuwa ta ɗauke ƙafa da shi gaba ɗaya. Ta kai ciwon kai aka ce ta rage ƙiba, ta kai ciwon baya aka ce ta rage ƙiba. Ranar da ta kai ciwon kunne wani likita ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa kafin ya tuna da kunnen, ta dawo gida ta ce ita da su har abada. Abin da ya fi ƙona mata rai sikelin nan ne da suke ajiyewa a baranda, inda nas za ta karanto nauyin mutum da ƙarfi don mai rubutawa ta ji, duk wanda ke kan benci shi ma ya ji.

Washegari Malama ta ɗauki sandarta ta shiga motar haya.

Shagon ɗinkin Auta ƙarami ne, a matse tsakanin na mai kwalliya da na mai gyaran waya. Keke biyu ne a ciki, na lantarki da na ƙafa don ranar da aka ɗauke wuta, sai teburin yanka, da dutsen guga, da madubi mai tsaga a kusurwa. A kan kanta, kusa da kwalin zare, akwai butar lantarki da wani koren gwangwani. Ƙarƙashin keken kuwa gorunan ruwa ne a jere, fiye da rabinsu babu komai a ciki.

"Mama! Ke da gwiwar nan? Lafiya dai?"

"Zaman gida ne ya ishe ni. Ba ni abin da za a sa wa maɓalli."

Auta ta kwashe ƙyallayen da ke kan kujera, ta zaunar da ita, sannan ta tsaya a gabanta ta ɗan juya.

"Ba ki ce komai ba."

"A kan me?"

"Haba Mama. Rigar nan fa na rasa sau nawa na rage ta."

"Na gani. Kina cin abinci kuwa?"

"Ci? Ai daɗin abin ke nan. Ci nake kamar gara, jikin kuma sai zubewa yake yi."

Malama ta gyara zaman tabarau ta soma ɗinkin maɓalli. Daga inda take ana ganin komai. Auta za ta taka keke kaɗan, ta sunkuya ta ɗauki gora ta kafa kai, sai ta ga ƙarshenta. Ba a jima ba ta zari makullin banɗaki da ke rataye a ƙusa ta zaga bayan shaguna. Ta dawo, ta zauna, ta lashi leɓe, ta sake neman gora. Kafin la'asar Malama ta daina lura da sau nawa makullin ya bar ƙusarsa.

"Wannan zirga-zirgar fa?"

"Kitsen ne yake fita, Mama. Haka aka ce mini tun farko. Duk wadda ta ga fitsari ya yi yawa da ƙishi, to shayin ya karɓe ta."

Suna cikin haka ƙofa ta yi duhu. Mai kwalliya ce ta cika ta, da awarwaronta har gwiwar hannu da ƙanshin turare.

"Sannu da zuwa, Malama! Kin ga aikinmu ko? Ni yanzu na daina talla. Duk wadda ta tsaya yi mini gardama sai in ce ta leƙa shagon tela."

"Na gani, 'yar nan. Ke ba kya sha ne?"

Mai kwalliya ta yi dariya har awarwaron ya amsa. "Ni? Maigidana cewa ya yi in na kuskura na rage ko cokali guda, in nemi wani gidan. A haka ya gan ni ya ce yana so."

"Me ke cikinsa?"

"Ganyaye ne zalla, na ƙasar waje. Babu sinadari ko ɗaya."

"Babu sinadari? To me ya rage a gwangwanin? Ruwan da kike sha ma ai sinadari ne."

"Kai, Malama da boko! Ki dai gwada, jikinki ne zai ba ki labari."

Malama ta dube ta da kyau. Ba ta ga alamar macuciya a fuskarta ba. Matar ta yarda da abin da take faɗa, kuma irin wannan ta fi maƙaryaciya wuyar sha'ani. Malama ta ce a kawo mata gwangwani ɗaya.

A gida ta zazzage shi a farin faranti ta kai bakin taga. Ganyen shayi ne na yau da kullum, da ɓarɓashin busasshiyar citta, sai wani siririn ganye mai haske da ta gane nan take, wanda ake jiƙa wa mai fama da rashin bahaya. Ta soma sha yadda aka ce, safe da yamma. Cikinta ya riƙa murɗawa, ta yi ta jan gwiwa tsakanin ɗaki da banɗaki tana tsine wa kanta da wannan bincike na tsufa. Amma ƙishi bai zo ba. Fitsari bai ƙaru ba. Tef ɗin awo da ta aro daga shago, bayan 'yan makonni, ya tsaya a ƙugunta daidai inda ya tsaya ranar farko.

Ta ce to, mutum ɗaya ba ya isa hujja, balle tsohuwa da kitsenta ya riga ya yi tauri. Sai ta mayar da kujerar shagon wurin zamanta na kullum. Duk matar da ta kawo ɗinki, ana gama gaisawa Malama za ta jefa tambaya kamar ba da gangan ba. Da yawansu sun saya. Matar mai gyaran waya tana kan gwangwani na biyu.

"Kin ga canji?"

"Ina fa, Malama. Ai laifina ne. Ni da burodi sai Allah."

Wata ma'aikaciyar ofis ta ce ita matsalarta takan manta na yamma. Wata mai jego ta ce wataƙila jininta ne mai taurin kai, haka ma maganin zazzaɓi yake yi mata. Wata kuma ta sunkuyar da kai ta ce ita dai ba ta da haƙurin tela, shi ya sa. Babu ko ɗaya da ta rage, kuma babu ko ɗaya da ta ce shayin ne bai yi ba. Kowacce ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta, ta dubi Auta da sha'awa, ta fita ta shiga shagon maƙwabta. Wannan ya gajiyar da Malama fiye da murɗar cikin.

Matan da za su cika mota guda suna shan abu ɗaya, mutum ɗaya ce take ramewa. Abin da ta yi ta nanata wa ɗalibanta ke nan har maƙogwaro ya bushe: in kana so ka san ko abu shi ne sanadi, cire shi ka ga ko sakamakon zai tsaya.

Ta haɗa nata a gida, ganyen shayi na kanti da dakakkiyar citta, ta ƙulle a leda ta sa a jaka. Ba ta sha wahalar samun dama ba. Auta na zarar makulli ta miƙe da ƙyar, ta sauko da koren gwangwanin, ta juye abin da ke ciki a wata ledar, ta zuba nata.  Tun da take ba ta taɓa buɗe wa 'ya'yanta kaya a ɓoye ba.

Bayan 'yan kwanaki, da yamma, Auta ta dafa shayin ta kurɓa, ta tsaya.

"Mama, kin san shayin nan ya daina murɗa mini ciki? Jikina ya saba ke nan."

Malama ta gatsa zare da haƙori, ta ɗauki wani maɓallin.

Da gwangwanin ya ƙare Auta ta sayo wani, Malama ta sake canza shi. Ta zauna tana jira. A zuciyarta wani abu take roƙo da ba ta taɓa zaton za ta roƙa ba: Allah ya sa wannan karon "wai" ɗin ta zama gaskiya. Auta ta soma cikowa, rigar ta matse ta, ta yi ta mita, sai Malama ta fito da ledojin ta ba da haƙuri, a yi dariya. Da haka ta faru, da ta yarda a yi ta tsokanarta har ƙarshen ranta.

Auta ba ta ciko ba. Zobenta ya sulluɓe cikin yadin wata mata, aka yi ta kakkaɓewa kafin a same shi, ta naɗa masa zare don ya zauna. Kumatun da aka san ta da su suka faɗa. Da tsakar rana sai Malama ta ji keke ya yi shiru, ta ɗaga kai ta ga Auta ta kifa goshi a kan hannu, barci ya sace ta da ɗinki a ƙarƙashin allura. Yatsan da allura ta soka tun kwanaki yana nan ɗaure da ƙyalle, ya ƙi kamewa. A cikin aljihun keken Malama ta ga kwalayen magani daga kemis.

"Na mene ne wannan?"

Auta ta dubi ƙofa ta rage murya. "Sanyi ne, Mama. Ƙaiƙayi ya dame ni. In na sha ya lafa, kwana kaɗan ya dawo. Mai kwalliya ta ce dattin ne yake fita."

"Komai dai fita yake yi."

Ranar nan Malama ta karɓi makullin bayan Auta ta dawo, ta dogara sanda ta zaga. Banɗaki ne na siminti, da bokiti da buta. A gefen ramin, inda ɗigo ya bushe, kiyashi ne suka yi baƙi, layinsu ya taho tun daga tsagar bango. Ta daɗe a tsaye tana kallonsu. Ta san shago uku ne suke amfani da wurin, wannan kaɗai ba hujja ba ce. Ta kuma san abin da ke tara kiyashi. Ta wanke hannu ta dawo ta zauna, maɓallin da ta ɗauka ya yi ta juyawa a yatsunta ba ta ɗinka shi ba.

Kwana biyu tana neman ta inda za ta fara. Sai abin ya zo da kansa.

An ɗauke wuta, shagon ya yi zafi, Auta ta koma keken ƙafa. Zare ya tsinke. Ta lashi bakinsa ta kai ramin allura, ya wuce ta gefe. Ta sake, ya lanƙwashe. Ta murza ido, ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa ƙarfen, ta ja baya, ta sake gwadawa.

"Wai ramin allurar nan toshewa ya yi ne?"

"Matsa in gani."

Malama ta sunkuya da tabaranta, ta zira zaren karo ɗaya. Da za ta miƙe idonta ya sauka a teburin yanka. Yadin wata mata ne mai tsada a shimfiɗe, an zana shi da alli tsaf, amma almakashi ya bar layin ya shiga cikin jikin rigar da faɗin yatsu biyu. Auta ta bi idon uwarta da kallo. Ta ɗauki yadin ta kai bakin ƙofa wajen haske, ta juya shi, sannan ta dawo ta zauna a hankali.

"Wallahi a kan layin na yanka. Na gan shi a wurin."

"Tun yaushe kike gani dishi-dishi?"

"Gajiya ce. Ba na samun barci, saboda tashi fitsari."

"Gobe da safe kada ki ci komai. Asibiti za mu je."

"Asibiti kuma? Ni dai na shiga uku. Ina da ƙiba a ce asibiti, na rame a ce asibiti. Me kuke so in zama ne?"

"Sukari nake tsoro, Auta."

Auta ta yi wata gajeriyar dariya. "Sukari? Ai ciwon masu ƙiba ne. Duk shekarun da na yi ina Katifa bai kama ni ba, sai yanzu da na zama mutum?"

"Wataƙila tun lokacin ya shigo, ba wanda ya duba. In ya yi yawa a jini, jiki yakan kasa amfani da abin da aka ci, sai ya koma yana cin kansa. Ƙoda kuma ta yi ta zubar da shi ta fitsari, tana jan ruwan jiki tare da shi. Ƙishin ke nan. Idon ma ke nan, da yatsan, da ƙaiƙayin."

"Mama, ba aji muke ba. Shayin ne. Kowa ya san shayin ne."

Malama ta jawo jakarta. Ta fito da ledojin guda biyu, ƙulle kamar yadda ta ƙulle su, ta ajiye a kan yadin da ya lalace.

"Ga shayinki."

Auta ta dubi ledojin, ta dubi koren gwangwanin a kan kanta.

"Abin da ke cikin gwangwanin can ganyen shayi ne na kanti da citta. Ni na haɗa, ni na zuba. Tun kafin zobenki ya faɗi ba ki ƙara shan na mai kwalliya ba. Ni kuma na sha nata har na gaji, ban ragu ba. Matan da suke saye ma kin ji su da kunnenki."

 A maƙwabta mai gyaran waya yana gwada wata lasifika, tana kunnuwa tana mutuwa.

"Gwaji kika yi da ni," in ji Auta. "Kina zaune a nan kullum, ina murna uwata ta zo taya ni hira, ashe ɓeran gwaji kika samu."

"Haka ne."

"Mama, kin san tun da nake ba a taɓa ce mini na yi kyau ba sai bana? Sai dai a ce fuskarki da kyau. Fuskarki. Kamar sauran jikin aro na yi. Baban yara da kansa ya ɗauke ni hoto rannan, ban roƙe shi ba. Yaya ta kira ni da sunana. Ina ɗinka wa mata kayan da ban taɓa sa irinsu ba, sai yanzu na yanka wa kaina ɗaya. Shi ne za ki zo ki ce ciwo ne?"

Malama ta dafa sandarta. Gwiwarta tana zugi. Ta koma kujera ta zauna.

"Na sani," ta ce. "Ni ma na so ya zama shayin."

Ƙofa ta yi duhu. Mai kwalliya ce, riƙe da hannun wata baƙuwa mai jiki.

"Tela, taimaka ki miƙe ta gan ki. Wai ba ta yarda ba. Nuna mata hotonki na da."

Auta ta goge ido da bayan hannu kamar gumi take sharewa. Ta miƙe, murmushin ya zo da kansa saboda sabo, ta juya hagu ta juya dama. Baƙuwar ta riƙe baki tana salati. Suka fita suna magana a kan safe da yamma. Auta ta tsaya a inda suka bar ta, hannunta dafe da teburi, don juyawar ta sa ta jiri.

"Idon nan shi ne sana'arki," in ji Malama. "In gwajin ya ƙaryata ni, zan tsaya a ƙofar shagon nan da sandata in yi wa matar can talla da bakina. Har rawa zan taka."

"Da wace gwiwar?"

"Da wadda ta rage."

Auta ta kusa yin dariya, ba ta yi ba. Ta ɗauki gora ta sha, ta daɗe tana kallon yadin.

"Ba zan hau sikelinsu ba."

"Ba wanda zai sa ki."

Da sassafe suka isa. Bencin baranda ya riga ya cika da mata, masu ciki da masu goyo da tsofaffi riƙe da katinsu. Sikelin yana nan inda Auta ta bar shi shekarun baya, fentinsa ya goge a wurin taka ƙafa. Da layi ya zo kansu nas ta nuna shi da biro ba tare da ta ɗago ba.

"Ba nauyi muka zo ji ba, 'yata," in ji Malama. "Jini za a gwada mata."

Amma Auta ta riga ta cire takalmi. Ta hau ta tsaya ƙyam. Nas ta karanto da ƙarfi yadda ta saba, Auta kuwa ta waiga ta bi bencin da kallo, ko akwai wanda ya ji. Malama ta kawar da kai.

Akwai wadda ta ji. Wata tsohuwar mai kawo ɗinki ce, ta matso ta kama hannunta.

"Tela? Ke ce haka? Ikon Allah! Don girman Allah gaya mini sirrin, kin ga yadda na koma."

Auta ta dubi uwarta.

"Ban sani ba tukuna," ta ce.

A ɗakin gwaji nas ta goge mata yatsa da auduga, ta soka, ta ɗiga jinin a bakin wata 'yar na'ura. Ta dubi abin da ya fito. Ta tambaya ko da gaske ba ta ci komai ba tun jiya. Ta goge wani yatsan ta sake. Sannan ta miƙe ta ce su biyo ta, ta wuce da su gaban duk masu jira ta ƙwanƙwasa ƙofar likita.

Likitar mace ce mai furfura a gaban goshi, da alamar ita ma a gajiye take. Ba ta dubi jikin Auta ba, fuskarta ta duba. Ta tambayi ƙishi, ta tambayi tashi fitsari, da gani, da ƙaiƙayi, da jinin al'ada ko yana zuwa daidai. Ta sa aka kwance ƙyallen yatsan ta duba. Auta tana amsawa, muryarta tana ƙara yin ƙasa. Likitar ta ce za a ɗibi jini a kai ɗakin bincike don a san zurfin abin, amma magani yau za a fara, ba gobe ba. Ta ce idon sau da yawa yakan washe in sukarin ya sauka, za a dai duba shi. Ta ce in an kiyaye ana daɗewa da shi lafiya, kuma in magani ya kama ta jikinta zai ɗan dawo.

"Zai dawo?" in ji Auta.

"Wani abu daga ciki."

Auta ta juya zoben da ke naɗe da zare a yatsanta. Malama tana zaune a gefe, hannu biyu a kan sanda.

"Likita, akwai wani shayi da nake sha. Na rage ƙiba."

"Ta daɗe da daina shan sa," in ji Malama.

Likitar ta rufe biro ta ajiye.

"Shayi bai rage miki komai ba," ta ce. "Ciwon sukari ne ya ramar da ke, kuma ya daɗe a jikinki."